Yadda Ake Sharhin Fim Tun Kafin Ya Fito: Jagora Kan Fina-finan Watan Agusta

Kowace shekara, da zarar watan Yuli ya raba tsakiya, jaridu da mujallun Amurka sukan fara jera fina-finan da za su fito a makonnin da suka rage na bazararsu, wato daga farkon Agusta zuwa Litinin ta farko a Satumba, ranar hutun ma'aikatan ƙasar, wadda masu harkar fim suka ɗauka a matsayin ranar rufe kakar. Irin wannan rubutu na share fage yana da wata matsala da sharhin fim na yau da kullum ba shi da ita: marubucin bai ga fim ɗin ba. Duk abin da ke hannunsa kamfanin da ya shirya fim ɗin ne ya miƙa masa, daga tirela da fosta zuwa takardar sanarwa da hirar jarumai. Shi ya sa mafi yawan waɗannan rubuce-rubuce sukan ƙare a matsayin talla kyauta, ana maimaita kalmomin kamfani da sunan aikin jarida. Akwai hanyar kauce wa haka, kuma a kanta wannan jagora ta ginu. Kamfanin fim yana magana da baki biyu. Bakin farko shi ne talla, wanda kullum yabo yake furtawa. Na biyu shi ne shawarwarin da ya yanke da kuɗinsa: ranar da ya zaɓa, yawan gidajen sinimar da ya kama, lokacin da ya yarda masu sharhi su buɗe baki, da hanyar da ya bi wajen kai fim ɗin ga jama'a. Shugabannin kamfanin sun riga sun kalli fim ɗin, kuma sun gwada shi a gaban zaɓaɓɓun 'yan kallo. Abin da suka gani yana bayyana a baki na biyu, don haka shi mai share fage zai koyi saurare.

Kafin a fahimci abin da rana take faɗa, sai an san tsarin kakar. A ranar 20 ga Yunin 1975 kamfanin Universal ya saki Jaws na Steven Spielberg a gidajen sinima sama da 400 lokaci guda, tare da ruwan talla a talabijin, kuma cinikin da aka yi ya koya wa Hollywood cewa lokacin hutun makarantu shi ne lokacin girbi. Tun daga nan manyan fina-finai suke rububin Mayu da Yuni da Yuli. Agusta kuwa ya samu baƙin suna, musamman makonninsa biyu na ƙarshe, domin a jihohi da yawa yara sun koma makaranta, iyalai suna ƙarasa tafiye-tafiyen hutu, aljihu kuma ya yi sauƙi. An daɗe ana kallon waɗannan makonni, tare da watan Janairu, a matsayin inda kamfani yake jefar da fim ɗin da ya fid da rai da shi.

Wanda ya riƙe wannan baƙin suna a matsayin doka zai yi ta kuskure. The Sixth Sense ya fito ranar 6 ga Agustan 1999, ya riƙe matsayi na ɗaya makonni biyar a jere, ya tara sama da dala miliyan 670 a duniya, aka kuma sa shi takarar Oscar a rukuni shida. Guardians of the Galaxy, wanda kafin fitowarsa mutane kaɗan ne suka san sunayen taurarin labarinsa, ya buɗe ranar 1 ga Agustan 2014 da kimanin dala miliyan 94 a ƙarshen makonsa na farko a Amurka. Abin da tarihin watan yake nunawa shi ne Agusta gida biyu ne. Makonni biyun farko ci gaban bazara ne, kamfani yakan ajiye babban fim a nan da gangan domin ya samu fili shi kaɗai har zuwa Satumba. Rabin na biyu kuwa ya fi karɓar fim mai arha wanda ya san masu kallonsa: na ban tsoro, na barkwanci, ko wanda aka yi domin wani rukunin jama'a da manyan fina-finan yaƙi da jarumta suka manta da su. Saboda haka fim ɗin ban tsoro na dala miliyan 10 a ƙarshen Agusta yana gidansa ne, babu abin zargi. Fim ɗin da ya ci dala miliyan 150 kuwa, idan aka gan shi a wannan gurbi, dole a tambayi abin da ya kai shi can.

Aikin yana farawa da jadawali. A buɗe takarda, kowane fim da layinsa, a rubuta sunansa, kamfanin da ke rarraba shi, ranar fitowa, da ranar da aka tabbatar da wannan rana daga bakin kamfanin ko daga jaridun sana'ar irin su Variety da The Hollywood Reporter da Deadline. Sannan a ƙara wani gurbi da yawancin marubuta suke tsallakewa, wato ranakun da aka taɓa sa wa fim ɗin a baya. Tarihin ɗage rana yana cikin shaidu mafi ƙarfi. An fara sa wa The New Mutants watan Afrilun 2018, aka yi ta tura shi gaba har ya fito ranar 28 ga Agustan 2020, lokacin da annobar korona ta bar sinimomi kusan wayam. Weapons na Zach Cregger ya bi akasin wannan hanya: Warner Bros. ya tsara shi a Janairun 2026, sai ya jawo shi baya zuwa 8 ga Agustan 2025, ya kuma buɗe da sama da dala miliyan 40. Kamfani ba ya gaggauta fitar da abin da yake jin kunyarsa. Sai dai a nan akwai tarko, domin ba kowane ɗagewa ne yake nuna rauni ba. An shirya Challengers zai buɗe bikin baje kolin Venice a 2023, amma yajin aikin 'yan wasa da ya fara ranar 14 ga Yulin shekarar ya haramta wa jarumar fim ɗin Zendaya da abokan aikinta tallata shi, aka mayar da shi Afrilun 2024. Universal ya janye The Hunt a Agustan 2019 bayan harbe-harben da aka yi a El Paso da Dayton. Waɗannan dalilai daga waje suka zo, kuma marubucin da ya lissafa su cikin alamun lalacewar fim ya zalunci masu shi. Duk inda aka ga rana ta motsa, a nemo dalilin, a rubuta shi kusa da ranar.

Daga nan sai tirela, wadda ita ce ta fi yaudarar masu wannan aiki. Yawanci ba darakta ne yake haɗa ta ba. Akwai kamfanoni na musamman da sana'arsu ke nan, kuma sau da yawa suna aiki ne da hotunan da ba a gama tacewa ba, wasu ma ba za su shiga fim ɗin ba. An ga Ana de Armas a tirelar Yesterday na 2019 alhali an yanke ta gaba ɗaya daga fim ɗin, har wasu mutum biyu da suka biya kuɗin hayarsa suka kai Universal ƙara, kuma a Disambar 2022 alƙalin wata kotun tarayya a California ya amince cewa tirela talla ce, dokar hana tallan yaudara tana iya hawa kanta. Suicide Squad na 2016 ya zo da tireloli masu ɗaukar hankali ƙwarai, cike da shahararrun waƙoƙi, amma da ya fito ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na masu sharhi ne suka yaba masa. Duk da haka ana iya tatsar gaskiya daga tirela idan an san yadda ake kallonta. A kalle ta sau ɗaya yadda take, sannan a kashe sauti a sake kallo, domin waƙa ita ce take ɗaukar rabin nauyin yaudarar. A lura ko an bar wata fitowa guda ta numfasa na daƙiƙa ashirin, ko kuwa guntu-guntu ake yankawa don kada ido ya tsaya a kan komai. Idan fim ɗin barkwanci ne kuma tireloli uku duk raha iri ɗaya suke maimaitawa, wataƙila ita ke nan a tukunyar. A kuma duba ko tirela ta biyu ta sauya launi daga ta farko, misali ta farko ta nuna fim mai nauyi, ta biyu ta nuna wasa da dariya, domin hakan yakan nuna kamfanin bai gama sanin wa zai sayar wa ba.

Game da sunaye, ido yakan tafi kan jarumi, amma jarumi shi ne ya fi kowa ƙarancin iko a kan yadda fim zai kasance. A duba darakta da marubucin labari, a duba aikinsu biyu na baya. Idan an ga marubuta biyar ko shida a jere, alama ce an yi ta ɗinke-ɗinke. Idan fosta ta ce daga furodusan wani shahararren fim, ba daga daraktansa ba, to an ari sunan ne kawai.

Alamar da ta fi kowace kaifi ita ce takunkumin sharhi. Kamfani yakan nuna wa masu sharhi fim kafin fitowarsa bisa sharaɗin ba za su wallafa komai ba sai rana da sa'ar da ya yanka musu. Nisan wannan sa'a da ranar fitowa ma'auni ne na ƙarfin gwiwar kamfanin. Wanda ya tabbatar da abin da ke hannunsa yakan saki baki da mako ɗaya ko biyu, domin yabon masu sharhi talla ce da ba a biya ba. Don't Breathe na Fede Álvarez, wanda kuɗin shirya shi bai kai dala miliyan 10 ba, an nuna shi a bikin SXSW tun watan Maris na 2016, wata biyar kafin fitowarsa ranar 26 ga Agusta, ya kuma tara sama da dala miliyan 150. Fantastic Four na 2015 kuwa an danne bakin masu sharhi har dab da ranar 7 ga Agusta, daraktansa Josh Trank ya wallafa a Twitter yana nesanta kansa da abin da za a nuna kafin ya goge, kuma cinikin ƙarshen makon farko bai kai dala miliyan 30 ba. Akwai mataki na ƙarshe, inda kamfani yake ƙin nuna fim ɗin ga masu sharhi kwata-kwata. Haka aka yi da Snakes on a Plane a Agustan 2006, fim ɗin da aka shafe watanni ana surutunsa a intanet har aka zaci zai girgiza kasuwa, sai ya buɗe da kimanin dala miliyan 15 kacal. A kuma bambanta cikakken sharhi da 'yan gajerun saƙonnin da ake bari a saki a shafukan sada zumunta bayan daren bikin farko. Waɗanda ake gayyata wannan dare zaɓaɓɓu ne, kuma da wuya a ji wanda ya ci tuwon mai biki ya fito yana kushe amarya.

Mai ja zai ce wannan ma'auni yana karyewa, kuma yana da hujja. Alfred Hitchcock ya hana masu sharhi ganin Psycho kafin jama'a a 1960, domin kada a tona sirrin labarin, kuma babu mai cewa fim ɗin ya lalace. Disney ya riƙe sharhin Star Wars: The Force Awakens har kwana biyu kafin fitowarsa a Disambar 2015, saboda dalili irin wannan. Amsar ita ce babu alamar da ake karantawa ita kaɗai. Jinkirin takunkumi a kan fim ɗin da aka riga aka sayar da tikitinsa tun makonni, wanda ba a taɓa ɗage ranarsa zuwa mataccen gurbi ba, wanda kuma labarinsa yake da sirrin da za a ɓoye, abu ne daban da jinkirin takunkumi a kan fim ɗin da aka ɗage sau uku, aka sake ɗaukar rabinsa, aka ajiye shi a mako na ƙarshe na Agusta. Alama ɗaya tambaya ce kawai. Idan uku suka fuskanci gefe guda, marubuci yana da ikon ya faɗi inda suka nufa. Idan suka rabu, ya faɗa wa mai karatu cewa sun rabu, ya nuna masa ta ina.

Sai batun hanyar fitowa, wanda ya rikice tun 2020. A da, sinima tana riƙe fim kimanin kwana 90 kafin ya shiga gidaje. A Yulin 2020 Universal ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin sinimomi na AMC da ta ba shi damar kai fim intanet bayan kwana 17, a 2021 kuma Warner Bros. ya saki duk fina-finansa na shekarar a sinima da manhajar HBO Max rana guda. Daga baya abin ya lafa a wajajen kwana 45 ga kamfanoni da dama, amma kowane fim da nasa. Don haka kalmar “zai fito” ta daina wadatarwa. Dole mai share fage ya fayyace ko fitowa ce ta ko'ina a sinimomi 3,000 zuwa 4,000, ko ta gwaji ce a wasu 'yan ɗakuna a New York da Los Angeles, ko haya ce ta intanet da ake biya wa fim ɗaya, ko kuwa yana cikin kuɗin wata na manhajar. Mai karatu yana yanke shawarar kashe kuɗinsa ne a kan wannan bayani, kuma kuskure a nan ya fi kuskuren hasashe ciwo.

Za a iya cewa duk wannan dabara ta sinima ce, ba ta aiki a kan Netflix da ire-irensa, inda babu tikiti, babu ƙarshen mako na farko, fim kuma yakan faɗo ba tare da wani shiri ba. Gaskiya ne alamun sun fi ƙaranci a can, amma suna nan. Sauya hanya ma magana ce. An shirya Alien: Romulus domin manhajar Hulu, sai aka ɗaga shi zuwa sinima ranar 16 ga Agustan 2024, ya kuma yi ciniki mai kyau. An yi wa Blue Beetle irin wannan ɗagawa daga HBO Max zuwa sinima a Agustan 2023, masu sharhi suka karɓe shi, amma 'yan kallo ba su fito yadda aka so ba, wanda ke nuna cewa alamar tana faɗin abin da kamfani ya gani a fim ɗin, ba ta yin alƙawarin kasuwa. A ɗaya gefen, kada a ɗauki fitowa a manhaja a matsayin ƙasƙanci. Prey ya tafi Hulu kai tsaye ranar 5 ga Agustan 2022, ya sha yabo fiye da yawancin 'yan uwansa na jerin Predator. Apple ya sayi CODA a bikin Sundance kan dala miliyan 25, ya sake shi ranar 13 ga Agustan 2021, kuma a Maris na 2022 ya zama fim na farko daga manhajar kallo da ya ci Oscar na gwarzon fim. Wanda ya lura da farashin sayen da kyaututtukan da ya kwasa a Sundance bai yi mamaki sosai ba. Abubuwan dubawa a nan su ne ko manhajar ce ta shirya fim ɗin ko sayo shi ta yi, a ina ta sayo, ko ta ba shi ko da mako guda a sinima domin ya cancanci shiga takarar kyaututtuka, da ko ta aika wa masu sharhi kafin lokaci. Alƙaluman kallo kuwa a riƙe su da hannu biyu. Tun Yunin 2023 Netflix yana lissafa yawan kallo ne ta hanyar raba jimillar sa'o'in da aka kalla da tsawon fim ɗin, kuma shi ne mai ƙidayar, shi ne mai sanarwa.

Ƙorafi mafi nauyi a kan wannan hanya shi ne ta mayar da fasaha lissafin kasuwa, kamar kyawun fim yana rataye ne a kan abin da shugaban kamfani yake tunani. Ƙorafin yana da tushe, domin shugabannin suna kuskure, kuma abin da suke aunawa shi ne abin da zai sayu. Sholay ya fito ranar 15 ga Agustan 1975, masu sharhin Indiya suka yi masa sanyi-sanyi, makonninsa na farko suka yi rauni, sannan ya shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay. Babu jadawalin da zai hango haka. Amma a tuna matsayin mai share fage. Bai ga fim ɗin ba, don haka hukunci a kan kyawunsa ba ya hannunsa tun farko. Zaɓinsa yana tsakanin shaidar da aka ƙirƙira domin a burge shi da shaidar da ta zubo daga ayyukan kamfani ba da niyya ba, kuma ta biyun ta fi cancantar amana ko da ba ta cika ba. Bayan haka, sanin kuɗi yana kare ƙananan fina-finai. Tunda masu sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, kuma kuɗin talla ba ya cikin kasafin da ake sanarwa, 'yan sana'ar sukan ce sai fim ya ninka kasafinsa sau biyu zuwa biyu da rabi kafin ya fita kunya. Wanda ya san haka ba zai auna fim ɗin dala miliyan 10 da mudun na miliyan 200 ba, kuma zai gane cewa ƙaramin fim da aka ba wa gurbi mai kyau shi ne ya fi cancantar sakin layi mai tsawo a rubutunsa.

Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba akwai bukukuwa uku da suke buɗe kakar kyaututtuka: na Venice, wanda aka fara tun 1932, sai Telluride, sai Toronto a farkon Satumba. Fina-finansu ba na kallon Agusta ba ne ga jama'a, yawancinsu sai Oktoba zuwa Disamba, don haka a ware musu gefe guda kada mai karatu ya tafi neman abin da bai iso ba.

Wanda yake rubuta wa masu karatu a Kano ko Kaduna ko Maraɗi yana da ƙarin aiki da takwaransa na New York ba shi da shi. Ranar Amurka ba lallai ta zama ranar Najeriya ba. Manyan fina-finan Hollywood sukan iso sinimomin Filmhouse da Silverbird da Genesis a Juma'a guda da Amurka, amma ƙananan sau da yawa ba sa zuwa sam, kuma yawancin ɗakunan suna Legas da Abuja da Fatakwal ne. Netflix ya iso tun Janairun 2016, amma Hulu ba ya aiki a Najeriya ko Nijar, kuma fim ɗin da ke wata manhaja a Amurka yana iya kasancewa a hannun wata dabam a Afirka. A tabbatar da wannan kafin a buga. Sai matakin shekaru, domin Agusta dogon hutu ne a nan ma, yara suna gida, damina ta tsare kowa a ɗaki. Tambarin PG-13, wanda Red Dawn ya fara fitowa da shi a Agustan 1984, an yanka shi ne bisa abin da iyayen Amurka suke jurewa, kuma yana ƙyale abubuwan da magidanci a nan ba zai so a kunna a tsakar gidansa ba. Hukumar tace fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, tana sa nata matakin a kan abin da za a nuna a sinima. Ya fi amfani a rubuta dalilin matakin a fili, ko zubar da jini ne, ko tsiraici, ko baƙar magana. Kuma jerin Agusta da aka yi wa Bahaushe bai cika ba idan babu Indiya, domin makon 15 ga Agusta, ranar 'yancin ƙasar, yana cikin manyan guraben shekara a can. A makon ne Laal Singh Chaddha na Aamir Khan ya faɗi a 2022, a makon ne kuma Gadar 2 na Sunny Deol ya yi gagarumin ciniki a 2023. Fina-finan Hindi da suka shiga manyan sinimomi sukan jira mako takwas kafin su hau manhaja, abin da zai taimaki mai jiran kallo a waya ya san lokacin da zai fara dubawa.

Wajen rubutun kansa, a raba murya uku kada su cakuɗe. Abin da aka tabbatar a faɗe shi kai tsaye: rana, darakta, tsawon fim, inda za a gani. Abin da kamfani ko jarumi ya faɗa a jingina masa da “in ji” ko “a cewar”, kada ya shigo cikin jimla da rigar gaskiya. Abin da marubuci ya hango kuma ya zo tare da hujjarsa a jimla guda, misali a ce tunda an jawo ranar baya kuma an saki sharhi da kwana goma, da alama kamfanin ya yarda da abin da ke hannunsa. A guji kalmomin da ba sa ɗauke da komai, irin su “wanda aka daɗe ana jira”, sai in za a faɗi wa yake jira da yadda aka sani. A taƙaita labarin fim a jimla biyu daga abin da ke farkonsa kawai. Ba dole ba ne kowane fim ya samu fili daidai da ɗan'uwansa: jeri bisa kwanan wata yana sauƙaƙa nema, amma tsawon kowane sashe ya bi yawan abin faɗa, wani layi biyu, wani rabin shafi. A sa ranar da aka kammala rubutun a samansa, a kuma sake bin duk ranakun fitowa a safiyar da za a buga, domin su ne suka fi saurin tsufa.

Aikin bai ƙare ranar bugawa ba, domin ma'aunin yana kaifi ne idan ana komawa a gwada shi da abin da ya faru. A ajiye jadawalin, a ƙara masa gurabe uku bayan fitowar kowane fim. Na farko makin Rotten Tomatoes, tare da sanin cewa yana ƙidaya kason masu sharhin da suka ce fim ya yi ne, ba zurfin yabonsu ba, ta yadda fim mai dama-dama da kowa ya ɗaga wa kai zai iya zarce gagarumin fim da ya raba kawuna. Na biyu makin CinemaScore, wanda ake tattarawa daga bakin 'yan kallon daren farko a Amurka, daga A+ zuwa F, inda fina-finan ban tsoro suka saba samun maki ƙasa da na sauran ko da sun yi kyau, don haka a kwatanta kowane fim da irinsa. Na uku, wanda ya fi su faɗin gaskiya, shi ne cinikin ƙarshen mako na biyu, lokacin da talla ta gama aikinta, bakin waɗanda suka kalla ya karɓa. Suicide Squad ya buɗe da dala miliyan 133, adadin da ya kafa tarihi a watan Agusta, sai ya zube da kashi 67 cikin ɗari a mako na biyu. Crazy Rich Asians, wanda masu shi suka ƙi tayin Netflix domin su kai shi sinima a Agustan 2018, ya sauka da kimanin kashi 6 kacal. A rubuta kusa da kowane fim wace alama ce ta yi daidai, wace ce ta kauce, a kuma ware na sinima daban da na manhaja, domin da wannan takarda za a buɗe jadawalin Yuli mai zuwa.